Likitan ƙodar yara ba haƙuri kaɗai yake buƙata ba

Ƙanwata likita da ke neman ƙwarewa a ɓangaren yara a wani asibitin koyarwa a nan Arewa ta zo gida hutun kwana biyu, muna cikin hira ta ce min, "Yaya, ni fa yanzu uwa tana kuka a gabana ba na jin komai, lissafin gado kawai nake yi, wa za a sallama wa za a kwantar." Yarinyar da ko kaza ake yankawa sai ta kau da kai. Wata uku kenan da aka tura ta wajen yara masu ciwon ƙoda.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka irin wannan gajiya a kundinta na rarraba cututtuka mai suna ICD-11, kuma ba ta kira ta cuta ba, cewa ta yi matsala ce da wurin aiki ke jawowa: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta bushe da aikin, mutum ya riƙa ganin ba abin da yake tsinanawa. Wurin aiki fa aka ce. Amma mu a nan da likita ya yi ƙorafi sai ka ji wai ya yi haƙuri aikin lada ne, ko a tara su a zaure a yi musu lacca kan motsa jiki da isasshen barci, mutumin da ya kwana biyu bai ga katifarsa ba.

Sashen ƙoda daban yake. Yaron da ke zubar da sinadarin furotin ta fitsari, fuska ta kumbura da safe ƙafa ta kumbura da yamma, a ba shi maganin prednisolone kumburin ya saɓe, bayan wata huɗu ya dawo, haka za a yi ta yi shekara da shekaru har likita ya san sunan ƙannensa da ajin da yake a makaranta. Rasa irin wannan yaro ba kamar rasa baƙo ba ne.

Amma abin da ya fi cin rai shi ne ƙodar da ta tsaya farat ɗaya, saboda zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko amai da gudawa ko wani jiƙo da aka ɗura wa yaro. Da yawa irin wannan tana farfaɗowa in aka samu aka yi wankin ƙoda na 'yan kwanaki, a ƙananan yara ma ta ciki ake yi, a sa roba a zuba ruwa na musamman a fitar, ba sai da inji ba. Likita ya san wannan sarai, ya karanta, ya ci jarrabawa a kai. Sai a ce babu robar, ko babu ruwan, ko kayan injin da ke akwai duk na manya ne. In kuma ciwon ya zama na dindindin wanki sau uku a mako ake so, uba ya sayar da akuya ya jinginar da gona, a mako na uku ya zo yana sunkuyar da kai ya ce likita za mu koma gida mu gwada na Hausa. Wa ke miƙa masa takardar sallamar ya sa hannu? Wannan ƙaramin likitan ne, ba minista ba. A ganina wannan ne ke busar da zuciya fiye da rashin barcin.

Na san manyan likitoci za su ce mu ma haka muka taso, kuma da gaskiyarsu. Sai dai su lissafa mutum nawa ne a jerin aikin kwana lokacinsu, nawa ne yanzu. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 ne suka bar Najeriya cikin 'yan shekarun nan. Duk wanda ya tafi Ingila ko Saudiyya kwanansa ba ya bin sa, kan na baya yake faɗawa. A Amurka tun 2003 aka taƙaita aikin masu neman ƙwarewa zuwa awa 80 a mako, duk da haka suna kukan guraben horon ƙodar yara ba sa cika, to ina ga mu.

Shi ya sa ban ga laifin ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta Najeriya, NARD, ba da ta hana 'ya'yanta yin aikin kwana fiye da awa 24 a jere daga Oktoban 2025. Amma doka a takarda ba ta duba mara lafiya, in likita biyu ne a sashe dole ɗaya ya karya ta. Haka rangwamen da gwamnatin tarayya ta sanar na mayar da kuɗin wanki daga kusan naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, abu ne mai kyau, sai dai a tambaya ko ya kai ga roba da ruwan wankin ciki na jarirai, don su ne abin da likitan yara ke nema da tsakar dare.

Ranar Lahadi da la'asar na kai ta tasha, a daren tana da aiki. Na tambaye ta ko in ta gama za ta tsaya a ƙoda, ta yi dariya ta ce, "Yaya, su uku ne a gabana suka ce za su tsaya, biyu suna Ingila."