Bankok, ina mai ƙafa zai taka?

Wai don Allah wa aka yi wa gefen titin Bankok, babban birnin Thailand? Ba dai mai tafiya a ƙasa ba! Ka taso daga unguwar Nana ka nufi unguwar Asok a kan titin Sukhumvit, tasha ɗaya tak a jirgin ƙasa na BTS mai bi ta kan gada, ka sha kallo: mai soya ayaba ta kafa kasko, falwayar wuta ta tsaya ƙiƙam a tsakiyar hanya, wayoyi na reto har saitin goshinka, ɗan acaɓa mai 'yar shara ruwan lemo yana danna maka hon ta baya, a kan hanyarka fa, alhali tarar hawa wurin da babur tana iya kaiwa baht 5,000 a kuɗin ƙasar. Tayil ɗin ma ba amana, ruwan damina ya kwashe yashin ƙarƙashinsa, kana takawa ya ɗaga ya fesa maka baƙin ruwa har gwiwa, ga na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga maka a ka daga bene. Tsallakawa fa? A hagu suke tuƙi, dama ake fara dubawa, shi kuwa wuyan da ya saba da titin Kano hagu yake juyawa. Zanen tsallaka titi ado ne, gadar sama kuma sai ka hau matakala kamar mai neman gafara, cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 35. Kana tsayawa ka share gumi, mai tuk-tuk, wato a-daidaita-sahunsu, ya iso yana rantsuwa Babbar Fadar Sarki da baƙi ke zuwa kallo a rufe take yau, wai zo ya kai ka shagon tela. Wa ya ce masa kwat kake nema?