Furar da Na Ba Surukina

Shekara 11 ke nan ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandare a nan cikin Katsina. Na fara da wannan ne don kada wani ya tausaya mini ya ce rashin sani ne. Da sanina tsaf na shiga ramin.

Daminar bara wani duma ya fito da kansa a bayan gidanmu, can wajen Ƙofar Ƙaura, gefen makwarara. Ban shuka ba, ban zuba masa taki ba, amma da ya haye katanga ya zuba 'ya'ya biyar sai na fara cewa "dumana". Akwai wata akuyar maƙwabcinmu da ta taɓa cinye mini takardun jarrabawar aji guda har da maki. Akuyar nan ta zo ta shinshina ɗan duman da ya faɗo ƙasa, ta yi atishawa, ta juya abinta. A lokacin na ɗauka ladabi ta koya.

Ran wata Alhamis aka yi waya cewa Baba Alhaji, mahaifin uwargida, zai zo daga Daura ran Asabar ya ga jikansa, tare da Gwaggo, ƙanen uwargida kuma shi ne direba. Baba Alhaji mutum ne da kullum yake cewa fura a roba ba fura ba ce, kunun gudun hijira ne. Sai wata dabara ta faɗo mini: zan ba shi fura a ƙwaryar da na fafe da hannuna, daga duman gidana.

Na aro zarto wajen kafinta, na zauna tsakar gida ran Juma'a da yamma. Uwargida ta leƙo daga madafa.

"Malam, mi kake yi haka?"

"Ƙwarya zan yi wa Baba."

"Ta gobe? Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ka je babbar kasuwa ka sawo mana, ko ka bari in ara gidan Iya."

Na ce mata karin magana daban, kimiyya daban. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa yaron da ya ce zai kama kunama da hannu, ta koma kan tukunyarta. Na raba duman biyu, na kwashe 'ya'yan, na kankare ciki da cokalin shayi. Bai gama bushewa ba, akwai sauran farin nama manne a jiki, ni kuwa farin nan ne ya burge ni. Na ɗauraye sau ɗaya na kife.

Asabar da hantsi uwargida ta dama fura mai kyau da nonon Fulani, ta zuba a kula. Tana juya baya na juye rabi a ƙwaryata, na rufe da faifai, na ɓoye a ɗakina. Awa huɗu furar nan tana zaune a ciki tana tsumuwa.

Baƙi suka iso, aka yi Azahar, aka ci tuwo. To ni ina da wata cuta: in na zauna gaban surukina kunya ta kama ni, maimakon in yi shiru kamar kowane ɗan mutunci, sai baki ya ɓalle. Ina ajiye ƙwaryar a gabansa ya ce, "Kai, ina ka samo ƙwarya fara tas haka?" Shi ke nan, ya buɗe mini aji.

Na ce, Baba, ai ƙwarya ba ƙaramin abu ba ce a duniya. Mu nan muna fura da ita, mu yi masaki da koko da ludayi da zunguru, mata su kaɗa shantu, mai goge ya ɗaura mata fata. Amma a Kudancin Amurka, dazukan Amazon, a cikinta maharba ke ajiye dafin kibiya, wanda ake kira kurare. Har wani Bajamushe, Rudolf Boehm, a 1895 ya kasa dafin gida uku bisa ga mazubinsa: na cikin gorar itace, na cikin tukunya, da na cikin ƙwarya. Na ƙwaryar nan, da ake dafawa daga ɓawon wata kurangar daji, shi ya fi kowanne ƙarfi.

Gwaggo ta ce, "Dafi a ƙwarya?"

Na ce ƙwarai. Na ce ba kamar kwankwanin maharbanmu ba ne, wanda zuciya yake bugewa. Shi kurare saƙo yake tarewa tsakanin jijiya da tsoka. Mutum yana ji, yana gani, zuciya na bugawa, amma ko fatar ido ba zai iya ɗagawa ba, har numfashi ya tsaya. Na ba su labarin Baturen Ingila Charles Waterton, da a 1814 aka sa wa wata jaka dafin, jaka matar jaki nake nufi, ta faɗi kamar ta mutu, aka huda maƙogwaronta aka yi ta hura mata iska da zugazugi irin na maƙera har sa'o'i, ta miƙe, ta ƙara shekara 25 a duniya. Na ƙare da cewa a 1942 wani likita a Kanada, Harold Griffith, ya fara amfani da shi don sassauta jikin mara lafiya a ɗakin tiyata. Na ga ƙanen uwargida ya saki baki. Raina ya yi fari. Na buɗe faifai na ce, "Bismillah, Baba."

Allah ya ƙara wa Baba Alhaji daraja. Ya kai ludayi baki, ya haɗiye, fuskarsa ba ta motsa ba, sai dai idonsa na hagu da ya kawo ruwa. Ya sake na biyu. Ya sake na uku, don kara. Sannan ya ajiye ludayin a hankali kamar ƙwai, ya ce, "Madalla. Nonon na wane gari ne?"

Gwaggo ba ta da wannan haƙurin. Kurɓa ɗaya ta furzar har kan tabarma, ta dafe ƙirji.

"Inna lillahi! Yaya, kada ka ƙara! Dafin mutanen dajin nan ne! Ashe gabatarwa yake yi mana!"

Ƙanen uwargida, wanda da ma neman abin dariya yake, ya ce, "Yaya, akwai maƙera kusa? In je in aro zugazugi."

A nan ne ya kamata in ce a yi haƙuri. Maimakon haka sai malamin ya sake tashi. Na ce, "Gwaggo, ai ko da kurare ne ba zai yi muku komai ba ta baki, sai ya shiga jini. Shi ya sa maharban ke cin naman da suka harba da shi lafiya lau."

Ta juya ga Baba Alhaji. "Ka ji ko? Har ya san ta inda yake kisa."

Don in wanke kaina na ɗauki ƙwaryar da hannu biyu na kafa kai. Jama'a, na sha maɗaci ina yaro, na tauna ganyen dogon yaro, na haɗiyi kulorokwin ba ruwa. Duk alewa ne. Ɗacin nan ya bi ta harshe ya fita ta kunne. Amma idon Gwaggo na kaina, sai da na ga gindin ƙwarya. Na goge baki na ce, "Kun gani? Ɗan ɗanɗanon sabunta ne kawai." Daga bayan labule na ji uwargida ta ce, "Sannu, Malam."

Baƙi suka kama hanya bayan La'asar. Kafin Magariba cikina ya fara kiɗan ƙwarya. Ban san adadin zuwana bayan gida ba, na dai san daga baya na daina komawa ɗaki, na kai kujera 'yar tsugune bakin ƙofar na zauna da buta a hannu kamar maigadi.

A zaune a wurin, wajen ƙarfe biyun dare, ilimina ya dawo mini daki-daki, a lokacin da ba shi da sauran amfani. Kukubitasin. Sinadarin da dangin duma, da guna, da kabewar daji ke yi don kada dabba ta ci su. Zafi da ƙarancin ruwa na ƙara shi, dafuwa ba ta kashe shi, aikinsa kuma murɗa ciki, amai da gudawa. Akuyar maƙwabcina ta san wannan ba ta shiga aji ba. Na kuma tuna a Indiya, inda ake shan ruwan ɗanyen duma don lafiya, a 2010 wani masanin kimiyya ya rasu a Delhi bayan ya sha mai ɗaci. Masanin kimiyya fa. Nan na fara kiran uwargida da murya ƙasa-ƙasa.

Da asuba aka kai ni wani ƙaramin asibiti. Ma'aikaciyar jinyar da ta zo sa mini ƙarin ruwa ta dube ni ta ce, "Lah, Malam!" Ɗalibata ce ta da. Ta tambayi abin da na ci, uwargida ta zayyana mata komai, ba ta rage ko cokalin shayin ba. Yarinyar nan ta juya baya tana gyara ledar ruwa, kafaɗunta na rawa. Leda biyu na sha.

Da rana ƙanen uwargida ya kira. Ludayi uku kawai Baba ya sha, amma sau uku suka tsaya kafin su kai Mashi, a tsayuwar ƙarshe kuma ya ce a gaya mini ya gode da karamci.

Bayan sati Iya, tsohuwar maƙwabciyarmu, ta shigo ta kwashe sauran duma huɗun. Ta bari suka bushe ƙayau, ta kai aka fafe, ta jiƙa su a ƙasari kwana da kwanaki tana canza ruwa, tana dirzawa, har ta lasa ta ji ba ɗaci. Ta aiko mana da biyu ta riƙe biyu ladan aiki. Na so in yi mata bayanin abin da ruwan ya fitar, ta ce, "Ɗan nan, kai dai sha fura."

Da Sallah muka je Daura gaisuwa. Tun daga zaure yaran gidan suka ruga ciki suna ihu, "Ga Kawu mai dafi nan!" Na durƙusa na gaida Baba Alhaji, ya amsa da fara'a, ya tambayi aiki da ɗalibai. Sannan ya leƙa cikin gida ya ɗaga murya: "A kawo wa Malam fura. Amma kada a bar shi ya zuba da kansa."