Ku da kuke rige-rigen sayen baƙin mai mai tsada a Legas, ku ɗan saurara

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman ku ƙannena da Allah ya hore wa mota a 'yan shekarun nan, masu Uber da Bolt, masu ɗaukar kaya daga Mile 12, har da wanda ya saya don kai iyali unguwa kawai. Wata sabuwar gasa ta shigo majalisunmu tun daga Agege har Idi-Araba, yanzu ba a tambayar wace mota kake hawa, wai wane baƙin mai kake zuba mata. Wannan ya ce Amsoil, wancan ya ce Red Line, wani Royal Purple, wani kuma ya rantse shi in ba Motul 300V ba gara ya ajiye motar, wanda duk ya ce Total ko Mobil ko Oando yake zubawa sai a riƙa kallonsa kamar bai waye ba. Yaro ya kalli bidiyo a YouTube na wani Bature yana gwaji a garejin gidansa a Amurka, shikenan ya zama malami, kuɗin da zai yi masa juye biyu ko fiye ya tattara ya ba wani mai talla a Instagram a kan galan ɗaya.

Ni ban ce mayukan nan ba su da kyau ba, kar wani ya je ya ce na ce. Amsoil tun 1972 suke wannan harkar a jihar Wisconsin, sun ma riga Mobil 1 fitowa wanda ya zo a 1974, Motul kamfanin Faransa ne kuma 300V ɗin nasu don motoci da baburan tsere aka yi shi. Sun san aikinsu. Tambayar ita ce Corolla ɗinka ta 2005 da ta sha duniya kafin ta sauka a tashar Tin Can me za ta yi da man tsere.

Abin da ke cikin galan kashi biyu ne, akwai asalin man wanda shi ne mafi yawa, sai sinadaran da ake haɗawa masu wanke datti da hana ƙarfe cin ƙarfe da hana tsatsa da kumfa. To su waɗannan sinadaran manyan kamfanoni huɗu ne suka riƙe mafi yawan kasuwarsu a duniya, Lubrizol da Infineum da Chevron Oronite da Afton, kuma shi Infineum ɗin Shell da ExxonMobil ne suka haɗu suka kafa shi. Ka ga kenan ƙananan kamfanoni da yawa daga hannun manyan nan suke sayen kayan haɗi, shi kansa Red Line da ake ta kururutawa mallakin Phillips 66 ne, wani katafaren kamfanin mai na Amurka. Akwai bambanci a asalin man da yawan sinadarin, ban musa ba, amma ba irin nisan sama da ƙasa da ake faɗa muku ba ne.

Ku juya bayan galan dan Allah ku daina tsayawa a gaban. Akwai wani zagayayyen tambari na API, wata cibiyar masu harkar mai ce ta Amurka, a ciki za ka ga haruffa kamar SN ko SP. SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP kuma a 2020, kowane sabo ya fi na baya tsauraran gwaji kuma a inji na gaske ake gwadawa. Motarka ta 2005 a zamanin SL da SM aka ƙera ta, wato duk wani mai na gaske da ka samu a gidan mai yau da SN ko SP a jikinsa ya riga ya wuce abin da masu ƙera injin suka nema. Abin da zai ba ku mamaki kuma, wasu daga cikin masu tsadar nan ba su ma ɗauke da wannan tambarin, kamfanin ne da bakinsa yake cewa nawa ya kai har ya wuce, wataƙila gaskiya ne amma shi ya yi wa kansa shaida.

Inda abin ya fi damuna shi ne maganar daɗewa. Hujjar da kowa ke kawowa ita ce ai wannan man yana yin shekara ba a juye ba, saboda haka in ka lissafa ma shi ne mai araha. Gaskiya ne Amsoil suna da wanda suka ce yana iya kai mil 25,000, kusan kilomita 40,000 kenan, amma ku karanta ƙananan rubutun, wannan na tuƙi ne na lafiya-lafiya, su da kansu sun rage adadin ga mota mai shan wahala kuma sun sa iyakar awowin da inji zai yi yana aiki. Mu kuma a garin nan wahalar ce tuƙinmu na kullum. Gadar Third Mainland ba ta cika kilomita 12 ba, amma wanda ya taɓa hawanta da yammacin Juma'a ya san awa nawa take ci, inji na kunne, esi na kunne, fanka na ta ihu, mitar kilomita kuwa ko motsin kirki ba ta yi ba. Haka Apapa zuwa Oshodi in tireloli sun tare, haka titin Ikorodu. Man yana ta dahuwa a ciki kai kana kallon mita kana cewa ai da saura. A gosulo fetur ɗin da bai ƙone duka ba yana silalewa ta gefen fistin ya gauraya da baƙin man ya tsinka shi, lokacin hunturu ƙura ta shiga, da damina ka kutsa ruwa a Lekki ko Ago Palace ka zaro geji ka ga mai ya yi fari-fari. Babu man da tsadarsa za ta fitar da fetur ko ruwa ko yashi daga cikinsa, juye ne kawai ke fitar da su. Littafin Toyota na motocin wancan zamanin mil 5,000 ko wata 6 ya ce, kilomita 8,000 kenan, ni kam ga mai Uber da ke wuni a hanya ina ganin ya tsaya wajen kilomita 5,000 ya fi masa kwanciyar hankali. Wanda ya zuba mai tsada kuwa hannunsa rawa yake in lokacin juye ya yi, yana tuna abin da ya kashe, sai ya ƙara wata ɗaya, ya ƙara wani, tun ba yanzu da dala ta haukace ba daga 2023 da aka saki naira, har ranar da zai buɗe murfi ya ga baƙin abu ya daskare a ciki. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sai maganar jabu, kuma wannan ita ke kashe inji da gaggawa. Kun taɓa tambayar kanku ina yaran da ke zagaya gareji suna sayen galan ɗin da aka juye suke kai su? Galan mai suna mai tsada shi suka fi so, saboda ribar cika shi da wani abu ta fi yawa. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama jabun baƙin mai a ƙasar nan. A kasuwannin kayan mota na Ladipo da Aspamda akwai 'yan kasuwa masu amana da yawa, akwai kuma waɗanda ba haka ba, kai kuma da ba ka taɓa ganin na asalin ba da me za ka gane. Total ko Mobil kana iya shiga gidan mansu ka saya a rufe ka karɓi rasit, in da matsala ka san inda za ka koma, shi kuwa wanda aka kawo maka a bayan babur daga lambar WhatsApp fa? Ka duba murfi da zoben da ke ƙasansa ko an taɓa fasawa, ka duba lambar da aka buga da ranar yi, ka tsaya a gabanka bakanike ya buɗe ya zuba, kar ka bar mota ka tafi cin abinci, ka tabbata an canza filta kuma ita ma ta kirki ce. In an gama ka sa wuƙa ka huda galan ɗin kafin ka bar wajen.

Wani abin haushin, mutum ya kashe kuɗi a kan suna amma kaurin man ma bai dace da injinsa ba. Murfin da ake zuba mai a motoci da yawa an rubuta a kansa, 5W-30 ko 5W-20 ko 0W-20, bakanike ya ce maka oga wannan na ƙasar sanyi ne, nan zafi muke da shi, a sa 20W-50. Inji in ya ɗau zafinsa na aiki wajen digiri 90 zuwa 100 yake zama ko a Legas ko a Kanada, lamba ta biyun ma, kamar 30 ɗin da ke cikin 5W-30, a digiri 100 ake auna ta. Injinan Toyota na VVT-i hanyoyin mansu ƙanana ne, da matsin man suke aiki, mai kauri yana jinkirin isa sama da safe, ga ƙarin shan fetur a wannan marrar da aka cire tallafi. Masu Camry Muscle mai injin 2.4 kuma ku sani shan baƙin mai sanannen ciwonsa ne, daga ringin fistin yake, ba Royal Purple ba ko me za ka zuba sai ya sha, abin yi shi ne duk sati ka zaro geji da safe a waje mai daidai ka goge ka mayar ka sake dubawa, ka cika in ya ragu, har Allah ya hore maka kuɗin gyara.

Wanda yake da Benz ko BMW ko Volkswagen shi lambar amincewar kamfaninsa zai nema a jikin galan, irin su MB 229.5 ko LL-01 ko VW 502.00, kuma ana samunsu a jikin wasu nau'o'in Mobil 1 da Castrol Edge da Shell Helix Ultra, ba sai an yi odar komai daga waje ba. Mai sabuwar mota mai ƙaramin inji mai turbo ya nemi SP. In kai mai kuɗi ne kana sha'awa ka sayi Motul ɗinka, kuɗinka ne, amma ka juye shi a kan lokaci kamar kowa.

Ku kuma 'yan acaɓa da har yanzu kuke aiki a unguwannin da dokar hana babur ta 2022 ba ta shafa ba, na ga wasunku sun fara kwaikwayo, ana ɗibar ragowar man motar oga ana zuba wa Boxer wai ya fi ƙarfi. Kulocin babur a cikin baƙin man yake zaune, man mota na zamani kuma ana sa masa sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur, yana iya sa kuloci ya riƙa zamewa, ka murɗa totur inji na kuka babur ba ya ja, musamman in ka ɗauko buhu kana hawa gada. Naku ku nemi wanda aka rubuta 4T da JASO MA ko MA2 a jikinsa, kusan lita ɗaya ce take isar Boxer, kuma da yake iska ce kawai ke sanyaya injin ku riƙa juyewa da wuri.