An rufe fayil, rijiya na warin fetur

Wallahi babu rainin hankalin da ya kai a miƙo maka takarda mai hatimi a ce ruwan rijiyarka ya gyaru, alhali kana jawo guga warin fetur na dukan hancinka. Tankin gidan mai da aka binne ya yi tsatsa, ya yi ta yoyo shekara da shekaru, man ya gangara ya kwanta a kan ruwan da jama'a ke sha. Da ƙyar da jiɓin goshi aka turo ɗan kwangila. Ya kwashe ƙasar sama, ya zuƙi abin da ya zuƙa, ya ɗebi ruwa a kwalba, sai ga rahoto wai an cika ma'auni. Wane ma'auni? Wa ya yanke shi, kuma yaushe?

A cikin fetur akwai sinadarin benzin, yana narkewa a ruwa, kuma an tabbatar yana jawo sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikurogiram 10 a kowace litar ruwan sha, Amurka kuwa 5 ta yanke. Hanci ba ya kama wannan ɗan adadi, ashe ko warin ya ɗauke ba ka tsira ba. Wanka ma ba tsira ba ne, don yana tashi cikin tururi ka shaƙa.

Amma in aka zo share gubar ba lallai wannan adadi ake bi ba, kuma nan cutar take. Sai a kira masani, wanda galibi mai laifin ne ke biyansa, ya zauna ya yi lissafin haɗari. Ya rubuta cewa filin na kasuwanci ne, babu mai shan ruwan wurin, sai adadin da aka yarda a bari ya yi sama. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya san katanga ne? Tafiya yake yi, ya ratsa ta ƙarƙashin gidajen mutane da gubarsa. Sauran kuma a ce a bar wa ƙwayoyin halittar ƙasa su cinye. Gaskiya ne suna ci, amma a hankali, kuma in iskar oksijin ta ƙare aikin ya ƙara ja baya. Wani sinadari mai suna MTBE, da aka riƙa zubawa a fetur, da wuya ma su taɓa shi. Shi ya sa birnin Santa Monica na Amurka ya rufe rijiyoyinsa a 1996.

Ku dubi yankin Ogoni na jihar Ribas. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu benzin ya ninka ƙa'ida sau 900 a rijiyoyin Nisisioken Ogale, ga mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwa. Rahoton ya kuma nuna dokar Najeriya ta lokacin ita kanta na tufka da warwara: akwai adadin da ke tilasta a fara shara, akwai wanda ake son a kai, hukumomi biyu kowa da fassararsa. In aka bar ƙofa irin wannan, mai laifi ta nan zai fice.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gwajin rana ɗaya. Ruwan ƙasa hawa yake yi yana sauka. In ya sauka sai ya bar mai maƙale a jikin ƙasa, in ruwan sama ya ɗaga shi sai ya sake wanko shi. Kwalba ɗaya, daga ramin da ɗan kwangila ya zaɓa da kansa, me za ta shaida?

A yanke adadin tun kafin a kafa shebur, a liƙa shi kowa ya gani, kuma duk inda ake shan ruwan ya zama ma'aunin ruwan sha. A ɗebi samfur daga rijiyoyin gidaje, rani da damina, a kai ɗakin gwajin da ba mai gidan man ya zaɓa ba. Kafin nan, wanda ya zubar da man shi zai riƙa kawo wa mutane ruwa, da kuɗinsa.