Ni Na San Mahaifinki

Akwai wani mutumin namu na Zoo Road a Kano da haukarsa ta shirya fim. Wannan karon gajere ne na YouTube, minti 20: yarinya ta tashi a hannun goggonta ba ta san ubanta ba, tana neman asalinta, tana neman mai sonta tsakani da Allah. Jarumin ya kashe waya, sai aka tuna da ni. Na ari shaddar Yaya, na kafa hula, sai wani lungu a Gandun Albasa.

Magana ɗaya tal aka ba ni. Za ta sunkuyar da kai tana hawaye, ni kuma in ce: "Ko ba ki san mahaifinki ba, ni na san zuciyarki." Kwana na yi ina bitarta kamar karatun allo.

Darakta ya ce akshin. Na dafa ƙirji, na kashe murya, na lumshe ido na ce: "Ko ba ki san zuciyarki ba, ni na san mahaifinki."

Wuri ya yi tsit. Yarinyar ta ɗago, hawayen da aka sha wuyar tatsowa da Robb suna gangarowa, kafaɗunta na rawa. Ni wallahi na ɗauka wasana ne ya ratsa ta, har na ƙara matsowa. Sai mai raken bakin lungun ya ɗaga murya: "To Alhaji, ka gaya mata mana kowa ya huta!"

Wannan mai rake, Allah ya isa tsakanina da shi. Ba wanda ya gayyace shi. Da safe ya sayar mini da rake mai tsami, ya ce canji sai an jima. Ya jingine baronsa ya dawo bayan mai kyamara yana gyara mini magana. Kafin ɗauka ta 6 ya haddace ta, yaran unguwa na amsa masa kamar 'yan amshi. A ta 9 na faɗa daidai, adaidaita sahu ta wuce da hon. A ta 11 aka kira la'asar.

Fim ya fito makon jiya. Ƙeyata aka nuna, muryar ma ta wani ce. Mai rake kuwa fuskarsa tar, har sau biyu. Canjina naira 300 yana wurinsa, Yaya kuma yana ta tambayar me ya ɗiga a gaban shaddarsa.