Ai Duk Jirgi Ɗaya Ne, Baba

Na san tun kafin in buɗe baki akwai masu cewa, "Mutane na neman na masara, shi yana kukan kujerar jirgi." Na ji, kuma ban musa ba, akwai yunwa a gari. Amma ku bari in amayar da abin da ya tsaya mini a wuya, don wulaƙancin da aka yi mini a gaban iyalina shi ne dai wanda ake yi muku kullum a layin banki da na asibiti. Bambancin kawai, ni sai da na biya miliyoyi kafin aka yi mini.

Atamfa da shadda nake sayarwa a Kwari tun ina yaron shago. Uwargidana ta daɗe tana nuna mini hotunan koren hasken nan da ke rawa a sararin samaniyar arewacin Turai cikin hunturu, tana cewa ita dai kafin ta bar duniya tana so ta ga wannan aya ta Ubangiji da idonta, ta kuma taka dusar ƙanƙara da ƙafarta. Mun sauke farali, mun aurar da yara, ba mai bina ko sisi. Na ce to Hajiya, bana sai Finland, garin Rovaniemi, can saman ƙasar inda a watan Disamba rana ke leƙowa na ɗan lokaci ta koma. Saboda ciwon gwiwa da na baya da take fama da su, na rufe ido na yanki tikitin bizines guda biyu, ɓangaren gaba inda kujera ke miƙewa ta zama gado. Da na ga jimillar kuɗin sai da na cire hula na share gumi, amma na biya.

Maganar biza ba sai na ja ta ba, duk wanda ya taɓa nema ya sani. Yuro 90 kan kowane mutum tun watan Yunin 2024, ban da na 'yan tsakiyar da ke karɓar takardu. Inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Bayanin asusun banki, takardar rajistar kasuwanci, takardar aure, shaidar masauki, zanen yatsu goma. In aka hana ka, kuɗinka ya tafi kenan, ba ko sannu. A 2024 kusan kashi 46 cikin ɗari na 'yan Najeriya da suka nemi bizar Schengen, wato ta rukunin ƙasashen Turai da Finland ke ciki, hana su aka yi. Mu Allah ya rufa mana asiri aka buga mana. Na ce alhamdulillahi, an wuce wajen. Ashe da sauran rina a kaba.

Daga Kano sai da muka fara hawa jirgin cikin gida zuwa inda na Turan yake tashi. Muka isa da wuri, ina sanye da kaftani da hula, ƙatuwar rigar sanyi a hannu, Hajiya na bayana tana ɗingishi. Kanta biyu ce, ɗaya layi ya yi tsawo har ya lanƙwasa, ɗayar kuma an shimfiɗa mata darduma, ba kowa. Na dubi tikitina, na dubi allon, muka taka dardumar.

Wani saurayi ne a tsaye cikin kwat da laƙataye, wanda a haife na haife shi. Bai bari na ƙarasa ba ya ɗaga mini hannu. Da Hausa ya yi mini magana, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

"Baba, layinku na can."

Na ce, "Samari, barka da aiki. Layinmu su wa?"

Ya ce, "Nan na 'yan bizines ne."

Na miƙa masa takarda ban ce komai ba. Ya karɓa da yatsu biyu. Ya karanta sunana, ya ɗago ya dubi hulata, ya gangaro har takalmina, ya sake komawa kan takardar. Ya juya bayanta, ko me yake tsammanin zai gani a can oho. Sannan ya ce, "Wa ya saya maka?"

Jama'a, wa ya saya mini! Na danne zuciya na ce ni na saya wa kaina. Ya ce ina katin bankin da aka biya da shi. Na zaro na ba shi. Ya gwada lambobin ƙarshe da na kan kwamfuta, suka yi daidai, sai na ga fuskarsa ta canza, wai shi bai ji daɗin da lambobin suka dace ba.

"Me za ku je yi a Finland?"

"Yawon buɗe ido."

Sai ya yi dariya. Ba murmushi ba, dariya, har yana taɓo abokiyar aikinsa da gwiwar hannu. "Yawon buɗe ido? A cikin sanyin nan? Baba, ka san ƙanƙara kuwa? Da wannan rigar za ka shiga?"

Na ce, "Da ita zan shiga, ɗana. In na daskare ba kai za ka yi mini sutura ba."

"Wa kuka sani a can?"

"Ba kowa."

"To wajen wa za ku sauka?"

Na ba shi takardar otal. Ya ce tikitin dawowa. Na nuna masa, ga shi nan a jikin takardar da ke hannunsa tun ɗazu. Ya ce nawa muke ɗauke da shi na guzuri. Na faɗa. Ya ce in nuna. A tsakiyar jama'a, dattijo da furfura, na buɗe jaka ina ƙirga wa yaro Yuron da na canzo a Wapa. Bai ƙoshi ba. Ya ɗauki fasfon Hajiya ya buɗe shafin biza, ya sa farce yana kankara, ya ɗaga ta sama yana hangen ta a hasken fitila. Bizar da masu ƙasar da kansu suka tantance suka buga, ita ce ɗan unguwarmu yake kankara da farce don ya ceci Turai daga sharrin mai sayar da atamfa da matarsa mai ciwon gwiwa. Sannu da ƙoƙari, jarumi. Tarayyar Turai ta gode.

Ana cikin haka sai ga wani Bature, gajeren wando, silifa, gemu buzu-buzu, jakar goyo duk ƙura. Yaron nan ya ture fasfonmu gefe, ya gyara tsayuwa, haƙora suka bayyana, ranƙwafawa har da dafa ƙirji. Ba wa ya saya maka, ba wa ka sani, ba buɗe jaka. Kafin Hajiya ta gyara mayafinta an ba shi katin shiga jirgi, an nuna masa hanyar falon manya.

Kada wani ya zo ya yi mini lacca. Na san kamfanin jirgi tara ake cin sa in ya kai fasinjan da aka ƙi karɓa, kuma shi zai dawo da shi da kuɗinsa. Na san dole a duba takardu. A duba mana! Amma wace doka ce ta ce a yi dariya? A wane littafin horo aka rubuta a tambayi dattijo wa ya saya masa?

Ya shige ciki da fasfonmu. Muka yi ta tsayuwa, ba wanda ya ce wa Hajiya ga kujera. Da ya dawo sai ya yi ta danne-danne a kwamfuta, ya ɓata fuska, ya ce an sami 'yar matsala. Wai jirgin da ya zo ba shi aka tsara ba, kujerun gaba sun ragu, saura ɗaya. Ɗayanmu sai ya koma baya.

Na ce, "Amma kujeru biyu na biya, kuma tun watanni na zaɓi lambobinsu."

Ya ce na'ura ce ta yi, ba shi ba.

Na ce, "Baturen da ya zo bayanmu fa, shi na'urar ta san shi?"

Ya ce shi ba ya tattauna maganar wani fasinja. Na ce a kira mini babbansu. Ya ce yana taro. Na ce to kuɗina fa? Ya ce in rubuta ta intanet. Sannan ya miƙo mini katunan biyu, ya dube ni da wannan murmushin, ya faɗi maganar da har gobe in na tuna sai na ji kaina ya sara:

"Haba Baba, ai duk jirgi ɗaya ne. Lokaci ɗaya za ku sauka."

Ai kuwa gaskiya ne, malamin falsafa! Duk jirgi ɗaya ne. To me ya sa ranar da nake biya ba a ce mini duk jirgi ɗaya ne ba? Me ya sa aka karɓi ninkin-ba-ninkin? Me ya sa shi mai silifar ba a yi masa wannan nasihar ba? Ashe hikimar ta masu koren fasfo ce kaɗai.

Hajiya ta kama hannun rigata tana cewa, "Alhaji, don Allah ƙyale shi, kar su hana mu tafiya." Kun ji inda aka kai mu. Mai gaskiya ne ke tsoro, don ya san yaro ɗaya a bayan kanta zai iya rubuta cewa ka yi rigima, shi kenan biza da otal da komai sun bi ruwa. Na ba ta kujerar gaban. Ni na kwana a can ƙurya, kujerar tsakiya, daf da bayan gida, gwiwoyina a ƙirji, kusan awa shida.

Abin da ya ƙara mini takaici shi ne can ɗin da ake tsoratar da mu. Jami'in shige da fice na Turawan ya tambayi kwana nawa za mu yi da inda za mu sauka, ya duba, ya miƙo mana fasfo. Shi kenan. Rovaniemi kuwa sanyi ne na gaske, numfashinka ma gani kake yi, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kafin ka gama shan shayi. Mun hau keken da barewar can ke ja, Hajiya ta ga koren haskenta ta yi ta tasbihi tana hawaye. Ban ce babu masu kallon banza a Turai ba, akwai. Amma a tafiyar nan kaf, wanda ya ci mini mutunci ɗan'uwana ne mai jin yarena.

Da na bincika, ashe Turawan suna da doka tun 2004, mai lamba 261, wadda ta shafi jiragensu da ke shiga ƙasashensu: in aka sauke fasinja daga ajin da ya biya a tafiyar da ta wuce kilomita 3,500, sai a mayar masa da kashi 75 cikin ɗari na kuɗin wannan zangon cikin kwana bakwai. Yaron bai faɗa mini ba. Na rubuta, na'ura ta amsa mini cewa ƙorafina yana da muhimmanci a wurinsu. Har yau muhimmancin nake ci.

Amma in na ce laifin yaron ne shi kaɗai na yi ƙarya. Wa ya koya masa cewa ɗan ƙasarsa abin zargi ne, baƙo kuma abin durƙusawa? Wa ya zubar da darajar koren littafin nan har ta kai Najeriya na cikin jerin ƙasashen da ko canjin jirgi za ka yi a filin jirgin Schengen, ba tare da ka leƙa waje ba, sai da biza? Finland ɗin nan gaba ɗayanta mutum miliyan biyar da rabi ne da 'yan kai, ba ta kai jihar Kano ba, amma kamfanin jirginta yana tashi tun 1924. Habasha nan kusa da mu tana da jirage sama da ɗari. Mu fa? Nigeria Airways da aka kafa a 1958 an cinye shi ƙurmus, ya mutu a 2003. A 2018 aka kwashi jiki aka tafi Ingila, wajen baje kolin jirage na Farnborough, aka nuna mana tambari da suna, wai Nigeria Air. A watan Mayun 2023, ana saura kwanaki gwamnati ta sauka, aka kawo jirgi Abuja da fenti sabo, aka yi hotuna, aka yi jawabai. Daga baya ta fito fili cewa na Habasha ne aka yi haya. Ko ɗinkin sallar yara ba a yi musu irin wannan yaudara.

Kano fa, tun 1925 jirgin sama ya sauka a nan. Iyayenmu sun ga zamanin da KLM ke tasowa daga Amsterdam ya sauka a Kano kai tsaye. Yau ɗan Kano in zai je Turai sai ya yi zagaye, ko ta Abuja da Legas, ko ta wata ƙasar. Kuɗin kamfanonin jiragen waje sama da Dala miliyan 800 suka maƙale a ƙasar nan a 2023 don babu Dalar da za a ba su, su kuma suka huce a kanmu, suka rufe tikitoci masu sauƙi. Aka saki Naira a watan Yunin shekarar, Dalar da take ɗari huɗu da wani abu a hukumance ta haura 1,500 cikin 'yan watanni. Wa ya biya? Mu. Wa aka kama? Ba kowa.

Su masu yin wannan ɓarnar ba sa taka layin da na taka. Fasfonsu ja ne ko shuɗi, akwai yaran furotokol da ke karɓa su kai kanta, su suna falo suna shan shayi da kuɗin baitulmali. Ba mai tambayarsu wa ya saya musu, alhali su ne ya kamata a yi wa tambayar, don amsar ita ce ni da kai. Mu kuma in sun fito mu ne masu rugawa ɗaukar jaka, "Ranka ya daɗe, sai ka yi!" Sai abin da suka iya: a watan Satumban 2024 suka kai kuɗin fasfo mai shafi 32 Naira 50,000, shekara na zagayowa suka ninka shi ya koma 100,000. Dubu ɗari, don littafin da yaro zai karɓa da yatsu biyu ya kankara da farce.