Audugar Zariya da rigimar dunƙulewar duniya

A watan Afrilun 2025 Shugaban Amurka Donald Trump ya fito riƙe da wani allo yana karanto harajin da ya ɗora wa kayan kusan kowace ƙasa, har da Najeriya da aka yanka wa kashi 14 cikin ɗari. Ƙasar da ta daɗe tana yi wa duniya wa'azin a buɗe kasuwa ita ce yau take jan ƙofa, wai don ta kare masana'antunta da ayyukan 'ya'yanta. Duk wanda ya yi karatu a Samaru a shekarun 1980 ya san wannan magana, sai dai a lokacin masu yin ta 'yan tayar da zaune tsaye ake ce musu.

Masu ba da tarihin adawa da dunƙulewar duniya, wato haɗewar kasuwannin ƙasashe ba shinge, sukan fara ne daga Seattle ta Amurka, inda a ƙarshen Nuwamban 1999 dubban masu zanga-zanga suka hana taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, buɗewa a kan lokaci, ko daga Genoa ta Italiya inda aka harbe wani matashi a taron manyan ƙasashe takwas, G8, na 2001. Mu kuwa mun riga su da fiye da shekara goma. A 1985 Janar Babangida ya ce 'yan ƙasa su yi muhawara kan karɓar bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, jama'a suka ce ba sa so. Aka bar bashin, aka ɗauko sharuɗɗansa a 1986 da sunan shirin gyaran tattalin arziki, SAP. A shekarar ce marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya fitar da littafi sukutum yana cewa mafita ita ce a gina kasuwar cikin gida. Zuwa 1989 ɗalibai sun cika titunan ƙasar nan suna tir da SAP, an kuma rasa rayuka.

Ina ganin sun yi gaskiya, kuma auduga ce shaidata.

Ai Zariya ba baƙuwar kasuwar duniya ba ce. Turawa sun kawo jirgin ƙasa, kamfanin audugar Ingila, BCGA, ya kafa injin gurza, duk don audugarmu ta isa masaƙun Lancashire a Ingila. Tashar binciken noma ta Samaru, wadda aka kafa a 1922, da auduga ta yi suna, kuma daga nan irin Samcot ya fito. Abin da ya canza bayan haka shi ne aka fara saƙawa a gida: masaƙar KTL a Kaduna a 1957, sannan UNTL da Arewa da sauransu a Kakuri. Manomin Giwa ko Soba ya san za a ba shi angurya, ya san ranar da za a buɗe fuloti, ya san farashi tun kafin ya tsinka. Hukumar gwamnati mai sayen auduga tana da nata ha'incin, ba na musu, domin sau da yawa ta sayi kaya ƙasa da abin da duniya ke biya. Amma da aka rushe ta a 1986 ba a aje komai a gurbinta ba. Iri ya cakuɗe, babu mai tantance daraja, manomi ya koma hannun 'yan baranda. A daidai lokacin aka karya naira: kuɗin da a farkon shekarun 1980 ya fi dala ƙarfi, zuwa 1987 sai ka ba da wajen naira huɗu kafin ka samu dala ɗaya. Masaƙa kuwa da dala take sayen rini da kayan gyaran inji.

Yayin da ake ce mana tallafa wa manomi ɓarnar kuɗi ce, Amurka tana zuba wa manoman audugarta, waɗanda ba su wuce 25,000 ba, fiye da dala biliyan 3 a shekara a farkon shekarun 2000, abin da ya danne farashi a duk duniya. Benin da Burkina Faso da Mali da Chadi suka kai kuka taron WTO na Cancun a 2003, taron ya watse ba a share musu hawaye ba. Brazil ce, da yake tana da lauyoyi da ƙarfin ramuwa, ta kai ƙara ta yi nasara, daga baya Amurka ta biya ta dala miliyan 300 a 2014 aka rufe magana. Ga dokar dai iri ɗaya a takarda, amma sai mai ƙarfi ke iya cin moriyarta. Sannan a farkon 2005 aka cire ƙa'idar da ke iyakance tufafin da kowace ƙasa za ta fitar, kayan Sin suka malalo. KTL ta riga ta rufe a 2002, UNTL ta bi a 2007.

Ka shiga lungunan Birnin Zariya da hantsi, za ka tarar da masu ɗinkin hannu a zaure, shadda shimfiɗe a gwiwa, an zana aska takwas da biro, ana bi da allura a hankali. Aikin na Zazzagawa ne, gado ne tun kaka da kakanni. Shaddar kuwa in mai tsada ce daga Ostiriya take, in ta talaka ce daga Sin, zaren ma galibi na waje ne. Duk ranar da dala ta motsa, mai rigar zai rage kuɗin aiki don ya cike na yadi, kuma maɗinkin ne zai haƙura.

To amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A nan nake rabuwa da 'yan uwana da ke ganin da an ambaci IMF da Bankin Duniya an gama bayani. Ba Washington ce ta hana Kakuri wutar lantarki ba, ba ita ta sa baƙin mai ya gagari masaƙu ba, kuma ba Bature ne ke tsaye a kan iyaka yana karɓar na goro tirelolin atamfa suna wucewa zuwa Kantin Kwari ba. Bangladesh, wadda audugar da take nomawa ba ta taka kara ta karya ba, a cikin wannan kasuwar mara adalci take sayar da tufafin sama da dala biliyan 40 a shekara. Benin da muke zagi da fasa-ƙwauri ta shiga sahun gaba a noman auduga a Afirka, ta kuma kafa masana'antun ɗinki a Glo-Djigbé. A 2005 an yafe mana bashin dala biliyan 18 na ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi, Paris Club, da taimakon masu fafutuka na waje irin na Seattle da Genoa. Ina muka kai sararin da muka samu?

Rufe ƙofa ma mun gwada. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 iyakokin ƙasa a garƙame suke. An samu ƙarin injinan casar shinkafa, gaskiya ne, amma kwanon shinkafa ya yi tashin gwauron zabi, masu hanyar daji suka yi kuɗi, masaƙa ko ɗaya ba ta farfaɗo ba, domin kariya ba ta amfanar masana'antar da ba ta da wuta. Shi ya sa na ji takaici a Agustan 2024, lokacin da yunwa da tsadar fetur bayan cire tallafi suka fito da matasa kan titi har aka sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya, na ga wasu suna ɗaga tutar Rasha. Fushin halas ne. Sai dai Rasha ma alkama da taki take so ta sayar mana, ba ta zo saƙa wa kowa atamfa ba. Yadin da aka ɗinka tutocin ma da wuya in a ƙasar nan aka saƙa shi.

Tun da manyan da suka rubuta dokar sun fara taka ta, shugabanninmu ba su da sauran uzurin cewa an ɗaure musu hannu. Babbar daraktar WTO tun 2021 'yar ƙasar nan ce, Ngozi Okonjo-Iweala, kuma Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar ƙungiyar da ta shafi sayayyar gwamnati, wato babu wanda zai kai mu ƙara don mun ce kakin ma'aikatanmu sai na gida. Tun 2017 akwai umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 da ya ce hukumomi su fifita kayan cikin gida. A nan Zariya Daffo take, inda dubban kuratan soja ke sa kaki a kowane zango, ga ɗaliban makarantun gwamnati da ke sa yunifom, ga zannuwan gadon asibitoci. 'Yan majalisar da ke wakiltar Zariya da Sabon Gari su nemi a bayyana wa jama'a yadi nawa ake saye a shekara da kuɗin gwamnati, da masaƙar da ta saƙa shi, da inda aka noma audugar.